Faɗan Uba da Ɗa bisa Dandali: Tsokaci kan Tsara Fitowar Kereyon da Hemon cikin Antigon na Sofokil

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama wurin gwajin wasan kwaikwayo na ɗalibai ya san cewa babu fitowar da ƴan wasa suke ɗoki kamar ta faɗa. Da zarar an ce uba da ɗa za su yi sa-in-sa, sai kowa ya gyara tsayuwa, jijiyar wuya ta tashi, hannuwa su shiga nuni. Kafin a kai baiti na goma an ƙure murya, sauran baitoci sama da ɗari kuma babu inda za a kai su. Ƴan kallo su gaji, wasu su soma dariya, alhali wasan na alhini ne.

Manufarmu cikin wannan maƙala ita ce mu duba fitowa guda ɗaya tak, wato wadda sarki Kereyon da ɗansa Hemon suke jayayya cikin wasan Antigon na Sofokil, domin mu ga abin da matanin kansa yake nema daga wurin mai tsara wasa. Ra'ayinmu shi ne ƙarfin wannan fitowa yana cikin ladabin da yake tsinkewa zare bayan zare, kuma aikin mai tsarawa shi ne ya auna wannan tsinkewar, ya hana ta yin gaggawa. Za mu bar wasan a inda yake, wato birnin Teb na ƙasar Girka, amma za mu riƙa tambayar abin da zai faru idan aka faɗe shi da Hausa a gaban ƴan kallo Hausawa, tunda su ne jama'ar da ɗalibanmu suke yi wa wasa.

2. Matsayin fitowar cikin wasan

An haifi Sofokil wajen shekara ta 496 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rasu a 406. An nuna Antigon a birnin Atina wajen shekara ta 441, da rana, a fili, gaban dubban mutane. Ƴan wasa masu magana uku ne kawai, dukansu maza, suna sanye da fuskar aro, tare da ƙungiyar ƴan amshi waɗanda a wannan wasa dattawan Teb ne.

Labarin sananne ne. Ƴaƴan Edip maza biyu, Eteyokil da Polinis, sun kashe juna a ƙofar gari saboda sarauta. Kawunsu Kereyon ya hau mulki, ya ba da doka cewa a binne Eteyokil da daraja, Polinis kuwa da ya jawo wa garinsu rundunar waje a bar gawarsa ga karnuka da tsuntsaye, wanda duk ya taɓa ta a jefe shi. Antigon, ɗiyar Edip, ta zuba wa gawar ɗan'uwanta ƙasa, aka kama ta, aka yanke mata hukuncin kisa. Ita ce kuma wadda aka yi wa baiko da Hemon. Wasan yana da baiti 1353, jayayyar uban da ɗan tana farawa a baiti na 631, wato gab da tsakiya.

Akwai abubuwa uku na zumunta da ya kamata mai tsara wasa ya riƙe. Na farko, Kereyon ɗan'uwan Jokast ne, uwar Antigon. Ke nan Hemon da Antigon taubasai ne, aurensu kuma auren zumunci ne, abin da ba ya buƙatar wani bayani ga Bahaushe. Na biyu, tunda uban yarinyar da ƴan'uwanta maza duk sun mutu, Kereyon shi ne uban ango, shi ne kuma waliyyin amarya. Na uku, lokacin da dattawa suka hango Hemon tafe, sun ambace shi da cewa shi ne na ƙarshe cikin ƴaƴan sarki, wato auta. Wansa Megare ya riga ya mutu, kamar yadda ake ji a ƙarshen wasa sa'ad da uwarsu Eridis take kukansa. Wannan batu na auta yana da amfani gare mu ƙwarai. Da a ce Hemon ɗan fari ne, kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari a al'adarmu za ta sa doguwar magana irin wannan ta yi wuyar karɓuwa. Auta kuwa an san shi da samun sakin fuska, yana iya faɗin abin da yayyensa ba su iya faɗi. Aristot ya lura cikin littafinsa kan fasahar wasan alhini cewa masifar da ta fi taɓa zuciya ita ce wadda ta auku tsakanin makusanta. A nan kusancin ya kai iyaka.

3. Ma'aunin da Sofokil ya gina fitowar a kai

Idan muka ƙirga baitocin, za mu ga an gina fitowar kamar yadda ake auna tsaba, tiya da tiya. Kereyon ya buɗe da baiti 4, Hemon ya amsa da baiti 4. Kereyon ya yi dogon jawabi na baiti 42, dattawa suka sa baki da baiti 2. Hemon ya yi nasa jawabi na baiti 41, dattawa suka sake sa baki da baiti 2. Daga nan uban ya faɗi baiti 2, ɗan ya mayar da 2, sannan aka shiga musayar baiti ɗai-ɗai har baiti 28, kowa yana cafke kalma daga bakin ɗan'uwan maganarsa yana mayar masa da ita. A ƙarshe Kereyon ya rufe da baiti 4, Hemon ya rufe da 4, ya fita.

Wannan lissafi yana koya mana abu biyu. Da fari, marubucin ya ba ɓangarorin biyu fili daidai wa daida. Mai tsara wasan da ya datse jawabin Kereyon don ya yi tsawo, ya bar na Hemon cikakke, ya riga ya yanke hukunci a madadin ƴan kallo. In za a rage, a rage duka biyun da awo ɗaya. Na biyu, fiye da kashi biyu cikin uku na fitowar yana wucewa kafin a faɗi kalmar zagi ko guda. Wato ke nan faɗan da ƴan wasa suke ɗoki yana cikin kashi na ƙarshe ne kawai, kuma saurinsa ba ya jiyuwa sai in an yi haƙuri da nauyin abin da ya gabace shi. Kunnen da ya saba da jawabi mai baiti arba'in shi ne zai razana idan magana ta koma baiti guda-guda.

Ya kamata kuma a ba jawabin Kereyon haƙƙinsa. Abin da yake cewa shi ne uba yana son ɗa mai biyayya don ya tare masa abokan gaba, cewa wanda ya kasa tsare doka cikin gidansa ba zai iya tsare ta cikin gari ba, cewa rashin bin shugaba shi ke rushe birane ya watsa runduna. Mutum ne da sarautarsa ba ta wuce kwana guda ba, a garin da maƙiya suka janye daga ƙofarsa cikin daren jiya. Atinawa ba su ɗauki duk maganarsa a matsayin ta azzalumi ba: a shekara ta 343 kafin haihuwar Annabi Isa, Demosten ya sa an karanta wani yanki na jawabin Kereyon na farko a gaban kotu, a matsayin nasiha ta gari ga mai riƙe da al'amarin jama'a. Ɓarakar tana bayyana ne a hankali, sa'ad da ya ce a bi shugaba ko da gaskiya ko babu, da kuma sa'ad da ya yi ta komawa kan tsoron kada a ce mace ta rinjaye shi. Ɗan wasan da ya shigo yana gurnani tun baitin farko ya hana ƴan kallo ganin inda mutumin kirki yake karkacewa.

4. Kalmomin kira

Hanya mafi sauƙi ta bin tsinkewar ladabi cikin matanin ita ce a bi yadda mutanen biyu suke kiran juna. Kereyon ya fara da kiran Hemon ɗansa, ya maimaita haka sau biyu cikin dogon jawabinsa. Kalmar farko da ta fito daga bakin Hemon ita ce ta kiran uba, da ita kuma ya buɗe jawabinsa. Amma da aka shiga musaya, sai Kereyon ya juya wajen dattawa yana magana a kan ɗansa kamar ba ya wurin, daga nan kuma ya koma zagi: ya kira shi mafi lalacewar mutane, ya kira shi bawan mace. Hemon bai rama zagin ba. Iyakar inda ya kai shi ne ya ce ba don mahaifinsa ne ba, da ya ce hankalinsa ba daidai yake ba. Har cikin wannan magana mai zafi yana riƙe da uban a matsayin uba.

Mai fassara zuwa Hausa yana da zaɓi a nan wanda Girkanci bai bayar ba. Girkancin Sofokil ba shi da jam'in girmamawa, ɗa da bawa da sarki duk da tilo ake yi musu magana. Masu fassara zuwa Faransanci dole su zaɓa tsakanin tilo da jam'i, yawanci kuma su riƙe abin da suka zaɓa har ƙarshe. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa kuwa ɗa yakan ce wa mahaifinsa "ku". Shawararmu ita ce Hemon ya riƙe "ku" cikin jawabinsa duka da farkon musaya, kada "ka" ta faɗo daga bakinsa sai a wurin da yake gaya wa uban cewa mai irin wannan ra'ayi jejin da babu kowa ya dace ya mulka. Mun san wannan ƙari ne bisa matani. Hujjarmu ita ce fassara tana ɓatar da karin waƙar Girkanci wanda yake ɗauke da wani ɓangare na saurin, saboda haka halal ne a biya bashin da abin da harshenmu yake da shi. Harafi guda ne ya sauya, amma babu Bahaushen da zai zauna cikin ƴan kallo bai ji shi ba.

Kazalika, a ganinmu Hemon ya ce "Baba", kada ya ce "ranka ya daɗe". Matanin ya nuna cewa ta ƙofar gida ya shigo wa sarki, ko da yake maganar gari ya kawo. Kereyon kuma zai fi kama da uba in ya fara da "Auta", sannan ya koma "yaron nan" sa'ad da ya juya wajen dattawa.

5. Faɗa a gaban mutane

Kuskuren da muka fi gani shi ne a tura ƴan amshi can baya, ko a fitar da su gaba ɗaya, don a bar uba da ɗa su biyu. Wannan yana rushe fitowar daga tushe. Mu dubi inda fushin Kereyon ya fashe. Ya saurari baiti 41 na ɗansa bai katse shi ba ko sau ɗaya. Abin da ya tunzura shi baiti biyu ne na dattawa, waɗanda suka ce ya kamata kowannensu ya koya daga ɗayan, domin duka biyun sun yi magana mai kyau. Amsarsa ta farko ma su ya yi wa: ashe masu shekaru irin nasu yaro ne zai koya musu hankali? Wato abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce manyan gari sun daidaita shi da autansa a bainar jama'a. Da a ɗaki aka yi maganar, mai yiwuwa da ta ƙare dabam.

Saboda haka dole a tsayar da dattawan inda Kereyon zai riƙa ganinsu sa'ad da Hemon yake magana, ƴan kallo kuma su riƙa ganin yana kallonsu. Gyaɗa kai guda daga wani tsoho ya isa. Ɗan wasan da yake Kereyon yana da aiki mafi wuya cikin waɗannan baitoci 41 da ba ya cewa komi, domin a nan ne ake so a ga mutum yana jin gaskiya, yana kusan karɓarta, sannan idonsa ya faɗa kan masu kallonsa.

Shi ma Hemon ya san da mutane a wurin, shi ya sa ya bi ta bayan gida. Bai ce shi ne yake ganin hukuncin bai dace ba. Ya ce talakawa suna tsoron fuskar sarki, amma shi yana jin abin da ake raɗawa cikin duhu, cewa gari yana tausayin yarinyar, yana ganin ta cancanci girmamawa. Aristot ya kawo wannan wuri cikin littafinsa kan balaga a matsayin misalin yadda ake sa magana mai ɗaci cikin bakin wasu don kada ta zama cin fuska. Bahaushe ya san dabarar, ita ce ta "an ce". Ya san kuma cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma da wannan zuciya ya kamata a faɗi jawabin.

Akwai wani haɗari na musamman a dandalinmu. Teyatur na Hausa kamar yadda ya bunƙasa a Nijar, wanda ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta shahara da shi, wanda kuma Janet Beik ta yi nazarinsa cikin littafinta na 1987, ya saba wa ƴan kallo da fitowar fada inda fadawa suke tayar da sarki da kirari da ban dariya. Da zarar an jera tsofaffi gefen mai sarauta, jama'a sun shirya dariya. Dattawan Teb kuwa mutane ne masu tsoro da taka-tsantsan, waɗanda suke ganin ɓarna tana zuwa amma ba su da ƙarfin halin tare ta. Kada a ba su kirari, kada a ba su amshin "gaskiya ne". Shirunsu ya fi amfani.

6. Jiki da tazara

Ɗan wasan Atina fuskarsa a rufe take, ba ya iya ɗaure fuska ko zubar da hawaye a gani. Da murya da tsayuwa da tazara yake aiki. Wannan ya kamata ya ƙarfafa mana guiwa, domin al'adarmu tana da wadatar alamomin jiki da suka shafi girmamawa: cire takalmi, durƙuso, sunkuyar da kai, kawar da ido.

Ga tsarin da muke ba da shawara. Hemon ya shigo ya durƙusa nesa kaɗan, ya zauna a haka kansa a sunkuye har Kereyon ya ƙare baitocinsa 42. Idan zai yi nasa jawabi ya ɗago ƙirji, amma guiwa tana ƙasa, ido yana gefe. Kada ya miƙe sai musaya ta yi nisa, a daidai wurin da "ku" ta koma "ka". Kada kuma ya dubi uban ido cikin ido sai sau ɗaya, cikin baitocinsa huɗu na ƙarshe, inda yake gaya masa cewa ba zai ƙara ganin fuskarsa ba. Ta haka lokacin da ya ba uban fuskarsa shi ne lokacin da yake ɗauke ta.

Dalilin wannan tsari ya wuce ado. Idan Hemon ya shigo a tsaye yana nuna mahaifinsa da yatsa, ƴan kallonmu za su yanke masa hukuncin marar tarbiyya cikin minti guda, su koma bayan Kereyon, duk abin da yaron zai faɗa game da gari kuma ya bi iska. Sai sun gan shi ya biya ladabi har ya yi yawa, sannan za su yarda cewa miƙewarsa dole ce ta sa. A nan ne nasarar fitowar ko faɗuwarta take.

Game da misalai biyu da Hemon ya kawo, na farko ba ya buƙatar gyara. Ya ce itatuwan bakin rafi waɗanda suke sunkuyawa idan ruwa ya taso suna tsira da rassansu, masu taurin kai kuwa ruwa yana tumɓuke su har saiwa. Wanda ya ga gulbin Maraɗi cikin damina ya san abin da ake nufi. Akwai ma wata riba da Girkanci bai sani ba: mun saba jin manya suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, suna nufin yara. A nan yaro ne yake roƙon busasshen icce ya tanƙwaru, kuma kunnen Bahaushe zai ji juyin ba tare da an faɗi karin maganar ba. Misali na biyu, na matuƙin jirgin ruwa da ya ƙi sassauta igiyar filafilai har jirgin ya kife, baƙo ne gare mu, amma muna ganin a bar shi yadda yake. Teb ba Damagaram ba ce, kuma babu laifi ƴan kallo su tuna da haka. Cika fassarar da karin magana yana mayar da Hemon tsoho, alhali ƙuruciyarsa ita ce abin da ake jayayya a kai.

7. Abin da ba a faɗi ba

Tun daga gaisuwa har fitar Hemon, babu ɗaya daga cikin su biyun da ya ambaci sunan Antigon, kuma Hemon bai ce yana son ta ba ko sau ɗaya. Hasali ma ya fara da cewa babu auren da ya fi masa shiriyar mahaifinsa. Kereyon ne yake ta jawo maganar mace, Hemon yana ta mayar da ita kan gari da alloli da mutuncin uban kansa. Sai bayan ya fita ne dattawa suka rera waƙarsu kan ƙarfin so, suka ce shi ne ya tayar da wannan husuma tsakanin jini ɗaya. Cikin wasan Sofokil gaba ɗaya Hemon da Antigon ba su taɓa haɗuwa bisa dandali ba, har ɗan wasa guda yana iya ɗaukar su duka biyun.

Masu karatun Faransanci sun fi sanin Antigon na Jean Anouilh, wanda André Barsacq ya tsara a gidan wasa na Atelier a birnin Pari cikin watan Fabrairu na 1944. Anouilh ya ƙara fitowar soyayya tsakanin saurayin da budurwar, ya taƙaita jayayyar uba da ɗa, ya mayar da Hemon yaro mai magiya wanda girman mahaifinsa ya rushe a idonsa. Wannan zaɓi ne mai kyau cikin wasansa, amma ɗalibai sukan ɗauko wannan Hemon su sa shi cikin Sofokil, yana kuka yana riƙe ƙafa. Hemon na Sofokil mai hujja ne, kuma ɓoye son da yake yi shi ne yake nuna girmansa. A nan al'adarmu tana taimakon matanin: saurayin da ya ƙi kama sunan wadda zai aura a gaban mahaifinsa ba baƙo ba ne gare mu, kowa ya san kunya ce, kowa kuma ya san abin da ke ƙarƙashinta.

8. Fitar Hemon da abin da ya biyo baya

Wuri mafi santsi cikin musayar shi ne inda Kereyon ya ce ba zai aure ta tana da rai ba, Hemon ya amsa cewa to mutuwarta za ta tafi da wani. Kereyon ya ɗauka barazana ce gare shi. Ƴan kallo ya kamata su ji cewa kansa yaron yake nufi. Wannan ba ya yiwuwa sai in an faɗi baitin da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da zuciyarsa. In aka faɗe shi da tsawa, ko aka sa Hemon ya kai hannu ga wuƙa, an ba Kereyon gaskiya, an kuma kashe abin da ƙarshen wasa yake buƙata.

Domin kuwa takobin yana nan tafe. Manzo zai zo ya ba da labari cewa a cikin kogon da aka rufe Antigon, bayan ta rataye kanta, Hemon ya dubi mahaifinsa bai ce uffan ba, ya tofa masa yawu a fuska, ya zare takobi ya kai masa sara bai same shi ba, sannan ya juya shi ga kansa. Kalmar tofin nan ita ce wadda Kereyon ya yi amfani da ita cikin jawabinsa sa'ad da yake cewa ɗansa ya tofar da yarinyar kamar abokiyar gaba. Mai fassara ya riƙe kalma ɗaya a wuraren biyu, ɗan wasa kuma ya ɗan dakata a kanta a karo na farko don kunne ya ajiye ta.

Kada kuma a rufe fitowar da fitar Hemon. Baitoci 15 da suka biyo baya suna cikinta. Kereyon cikin fushi ya ce duka ƴan matan biyu za su mutu, dattawa suka tambaye shi ko har da Ismen, nan take ya janye, ya ce sun yi gaskiya. Sannan ya sauya hukuncin Antigon daga jifa zuwa rufewa da rai cikin kogon dutse da ɗan abinci. A fahimtarmu wannan sauyi yana nuna cewa maganar ɗansa ta shige shi: jifa sai da hannun jama'a, shi kuwa yanzu ya ji cewa jama'a ba sa tare da shi. Mutumin da ya ƙi sassauci a gaban ɗansa ya sassauta sau biyu bayan ɗan ya juya baya. Ya kamata a yi wannan yanki a hankali, da gajiyayyar murya, Kereyon yana duban ƙofar da yaron ya bi.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa mai tsara wannan fitowa yana da abubuwa huɗu da zai auna tun ranar gwaji ta farko: tsawon jawaban biyu, wurin da kalmar kira take sauyawa, wurin tsayuwar dattawa, da lokacin da guiwar Hemon take barin ƙasa. Idan waɗannan suka zauna, tsawa za ta zo da kanta, kuma ba za ta wuce minti biyu ba. Idan ba su zauna ba, ƴan kallo za su fita da ɗaya daga cikin darussa biyu masu arha, ko dai yaran zamani ba su da kunya, ko kuwa masu mulki ba su da imani. Sofokil ya nuna uba da ɗa ne waɗanda kowannensu yake son ɗayan, waɗanda kuma idon mutane ya hana su sauka daga inda suka hau.

Ba mu taɓa jayayyar Antigon da Ismen da take buɗe wasan ba, wadda matsalolinta dabam ne tunda a keɓe ake yin ta, tsakanin ƴa da ƙanwa, kafin gari ya waye. Muna fata abokan aiki da ɗaliban da za su gwada shawarwarin nan bisa dandali za su sanar da mu inda suka yi amfani da inda suka gaza.